Roka Daga Gorar Lemo: Yadda Za Mu Nuna Wa Ɗalibanmu Makarantarsu Daga Sama

Jawabin da aka gabatar a taron reshen Ƙungiyar Malamai ta Najeriya na Ranar Malamai ta Duniya, a Ƙofar Durbi, cikin birnin Katsina

 

Mai girma Shugaban wannan reshe, Sakatare da sauran shugabanni, iyayenmu malamai da suka ajiye aiki amma ba su daina halartar taronmu ba, shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, da iyalanmu da suka rako mu, muna yi muku barka da zuwa. Muna kuma gode wa kwamitin shirye-shirye da ya ga dacewar ba mu wannan dama.

An saba a rana irin ta yau, 5 ga Oktoba, mu tattauna kan albashi da ƙarin girma da haƙƙin waɗanda suka yi ritaya. Waɗannan batutuwa suna nan daram, kuma shugabanni za su yi bayaninsu bayan mun sauka. Mu abin da aka ɗora mana shi ne mu yi magana kan aikin da ake biyan mu albashin dominsa, musamman koyar da kimiyya da fasaha a firamare. Mun zaɓi mu bi ta wata hanya da wasu za su ji ta kamar almara, wato yadda malami da ɗalibansa za su haɗa roka da gorar lemo, su ɗaura mata ƙaramar kyamara, su harba ta sama, ta dawo musu da hoton bidiyo na makarantarsu. Ranar ma ta dace da batun, domin tun 1999 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 4 zuwa 10 ga Oktoba a matsayin Makon Sararin Samaniya, saboda tunawa da Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, wanda Tarayyar Sobiyat ta harba ranar 4 ga Oktoba, 1957.

Dalilin zaɓen namu abu ne da duk muka sani. Yawancinmu muna koyar da kimiyya da allo da alli kaɗai. Yaro yana haddace cewa iska tana da nauyi kuma tana cika wuri, ya rubuta a jarrabawa, ya ci maki, alhali bai taɓa ganin iskar ta yi wani aiki a gabansa ba. Kafin ya kai ƙaramar sakandare ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa kimiyya kalmomi ne masu wuyar faɗi, na mutanen wata duniya. Yaron da ya yanke wannan hukunci yana ɗan shekara goma sha ɗaya, da wuya a sake shawo kansa, kuma a hannunmu asarar take faruwa.

Gadon da muka tarar

Kafin wani ya ce wannan harka ba tamu ba ce, ya kamata mu tuna inda muke zaune. Ƙofar da muke taro a kusa da ita tana ɗauke da sunan Durbi, sarauta mai tushe a Durɓawa, waɗanda kusheyin magabatansu suke a Durbi ta Kusheyi, cikin ƙasar Mani. A tsakiyar birni ga Hasumiyar Gobarau, mai tsayin kimanin mita 15, shaidar zamanin da masu neman ilimi suke niƙo gari su nufo Katsina. A nan Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani suka yi zamaninsu. Daga ƙasar nan kuma Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi ya fita, masanin lissafi da ilimin taurari, wanda ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya yi rubutu kan hanyoyin tsara lambobi a cikin hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya, aikin da masu nazarin tarihin lissafi suke ambato har yau. A Alƙahirar ya rasu a 1741.

A wannan birni aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malamai, inda irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam suka yi karatu. Kakanninmu ma da ba su shiga aji ba sun san sama. Sun san Gamzaki, sun san Zara, sun san Kaza da 'Ya'yanta, suna kuma lura da su wajen sanin lokaci. Saboda haka idan muka ce wa yaron Ƙofar Durbi ya ɗaga kai ya auna abin da ke sama, gadon gidansu muka miƙa masa.

Yadda roka take tashi

Asalin aikin roka abu ne mai sauƙin fahimta. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan bindiga a hawan Sallah ya ga yadda bindiga take dukan kafaɗar mai ita a daidai lokacin da ta tashi. Abin da ke cikinta ya yi gaba, ita kuma ta yi baya. Haka idan aka hura balan-balan aka sake shi ba a ɗaure bakinsa ba, iska ta fita ta baya, shi kuma ya yi gaba. Wannan ita ce ƙa'ida ta uku daga ƙa'idojin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687: duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka da ƙarfi daidai da naka, ta fuskar da ke kishiyantar taka.

Roka tana watso wani abu ƙasa da matuƙar sauri, abin da ta watso kuma yana tura ta sama. Ba ta dogara da iskar da ke kewaye da ita ba, shi ya sa take iya tafiya a sararin samaniya inda babu iska, wurin da jirgin sama ba zai iya zuwa ba. Manyan rokoki suna ƙona makamashi su watso iska mai zafi. Tamu kuwa ruwa take watsowa, iskar da muka matse a cikin gora ce take koro shi. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka ɗan kaɗan daga cikinsa yana ba da turi mai yawa.

Kada kuma mu raina ƙanƙantar farawa. Ranar 16 ga Maris, 1926, wani malamin jami'a a Amurka, Robert Goddard, ya harba roka ta farko mai aiki da makamashi na ruwa-ruwa. Ta yi sakan biyu da rabi a sama, ta kai kimanin mita 12 da rabi, wato ba ta ko kai tsayin Gobarau ba. Shekara 43 bayan haka, a 1969, mutum ya taka duniyar wata.

Ido a kan roka

Roka marar kyamara tana tashi ta faɗo, a yi tafi a watse. Wadda take ɗauke da ido kuwa tana dawowa da labari. Ranar 24 ga Oktoba, 1946, a filin White Sands na Amurka, aka ɗaura kyamara a jikin rokar V-2, makamin da aka ƙwato daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ta kai kimanin kilomita 105, ta ɗauko hotunan farko na duniya daga sararin samaniya. Rokar ta faɗo ta ragargaje, amma fim ɗin ya tsira saboda an sa shi cikin gwangwanin ƙarfe. Akwai darasi a nan da za mu komo kansa.

Ƙasarmu ma tana da idanu a sama. An kafa Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa, NASRDA, a 1999. A watan Satumba na 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta ƙasar Rasha, kuma yana cikin taurarin da suka aiko da hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005. A watan Agusta na 2011 aka harba NigeriaSat-2 tare da NigeriaSat-X, wanda injiniyoyin Najeriya suka haɗa da hannunsu bayan sun sami horo a Ingila. A 2017 Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure ta sa hannu a wani ƙaramin tauraro mai suna NigeriaEduSat-1. Hukumar tana kuma da cibiyar binciken roka a Epe, cikin Jihar Legas. Duk wanda yake aiki a waɗannan wurare ya taɓa zama a gaban malamin firamare.

A nan kusa da mu, a 2007 kafofin labarai na duniya suka ba da labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota da tarkacen ƙarafa. Bai tashi da nisa ba, ƙafa kaɗan ne daga ƙasa, amma ya sa masa kyamara a ƙarƙashi da ƙaramin allon kallo a gaban matuƙi. Irin wannan basira tana cikin azuzuwanmu, a wurin yaran da muke kamawa suna ƙera mota da gwangwani da tsohon silifa. Game da rokar ruwa kuwa, a 2015 wata tawaga daga Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ta harba tata ta kai mita 830, ta kafa tarihin duniya, da ruwa da matsattsiyar iska kawai.

Me ya sa muka zaɓi ruwa

A wasu ƙasashe masu wannan sha'awa suna sayen ƙananan injinan roka masu aiki da albarushi, waɗanda masana'antu suke yi bisa doka. Mu a nan muna kira da babbar murya: kada wani malami ya kusanci albarushi, ko kan ashana, ko fetur, ko takin zamani, ko abin wasan wuta, da sunan gwajin kimiyya. Dalili na farko shi ne ran yaro da idonsa da yatsunsa amana ce a hannunmu. Na biyu, duk mun san halin tsaro da jiharmu take ciki. Ƙara mai kama da ta bindiga a harabar makaranta tana iya jawo firgici da turmutsutsu, kuma malamin da aka samu yana haɗa abin fashewa zai sha tambayoyin da ƙungiya ba za ta iya amsa masa ba. Na uku, abin da muka nuna wa yara a makaranta za su sake gwada shi a bayan gida, inda babu mai lura da su. Rokar ruwa tana koyar da duk abin da ta albarushi za ta koyar, ba wuta, ba hayaƙi.

Yadda ake haɗa ta

Kayan aikin suna cikin unguwa: gorar lemo biyu masu cin lita ɗaya da rabi, kwali mai ƙwari, salatif mai faɗi, almakashi, leda, zare, guntun soson katifa, ɗan yumɓu, famfon keke mai geji, tiyo, toshiyar roba, da bawul na tsohon tiyub, wanda mai faci zai ba mu kyauta ko a farashi kaɗan.

Gora ta farko ita ce cikin roka. Dole ta kasance ta lemo mai gas, domin ita aka yi don ta jure matsi. Gorar ruwan sha ba ta da wannan ƙwari. Ba a yanka ta, ba a huda ta, ba a kusantar da ita ga wuta ko gam mai zafi, kuma wadda ta kwarzane ko ta lotsa a ajiye ta gefe. Bakinta ne yake kallon ƙasa, ta nan ruwa zai fita. Gora ta biyu ita ake yankewa gida biyu, a kifa rabin da yake da baki a kan gindin ta farko, ya zama kan roka, ya kuma zama ɗakin ajiye kaya.

Sai fukafukai. A yanka kwali guda uku ko huɗu, girmansu ɗaya, a manna su a kusa da bakin gora, tazara ɗaya tsakaninsu, a miƙe sak. Fiffike ɗaya da ya karkace ya isa ya sa roka ta riƙa juyawa kamar katantanwa, hoton kuma ya fito yana sa jiri. Bayan haka a duba nauyi. Kibiyar maharbi tana tafiya a miƙe ne saboda kanta na ƙarfe ya rinjayi jikinta. Haka roka take bukatar nauyi a gaba, fukafukai a baya. A sa ɗan yumɓu a can ƙololuwar kai. Don a tabbatar, a ɗora ta a kan yatsa a nemo inda take daidaita, a ɗaura zare a wurin, a wulwula ta kamar majajjawa. Idan kai ne yake yin gaba, ta yi. Idan tana tuntsurawa, a ƙara yumɓu ko a faɗaɗa fukafukai.

Kyamarar da ta dace ita ce 'yar ƙaramar nan mai girman makullin mota, wadda take ɗaukar bidiyo a kan memori, nauyinta bai fi gram 20 ba. Kada a ɗaura wayar hannu, domin ta yi nauyi, kuma asararta babba ce. A naɗe kyamara da soso, a manna ta a gefen kan roka, idonta yana kallon ƙasa, a sa wani abu mai nauyinta a ɗaya gefen don kada roka ta rinjaya. A rufe ramin memori da salatif. Darasin 1946 ke nan: ko kyamara ta fashe, in dai memori ya tsira, aiki ya yi kyau.

Domin saukowa a hankali, a yanka leda a zagaye, faɗinta kamar na faifai babba, a ɗaura mata zare takwas, ta zama lema. A naɗe ta a ƙarƙashin wata hular kwali da aka ɗora a sake a saman roka. Idan roka ta kai ƙarshen hawanta ta juya, hular za ta zame, lema ta buɗe. Wannan sashe ya fi kowane bukatar gwaji, saboda haka a fara da dutse mai nauyin kyamara. Sai lema ta buɗe sau uku a jere sannan a ɗaura kyamarar.

Ruwan da ake zubawa sulusin gora ne, wato rabin lita, daidai da leda ɗaya ta fiya wata, kuma ruwan da aka yi wanki da shi ma ya wadatar. In ya yi yawa roka ta yi nauyi, in ya yi kaɗan turin ya ƙare da wuri. A huda toshiyar roba a zura bawul, a haɗa da tiyo mai tsawon aƙalla mita biyar, a toshe bakin gora da ƙarfi, a kifa ta a kan mazaunin katako da kafinta zai yi mana, tana kallon sama. Ana ta bugun famfo, matsi zai yi ta ƙaruwa har ya ture toshiyar. Tayar ƙaramar mota ana ba ta iska 30 zuwa 35 a gejin masu faci. Mu da ɗalibai kada mu haura 60.

Ranar harbawa

Lokacin da ya fi dacewa shi ne irin wannan da muke ciki, bayan ɗaukewar damina, kafin hunturu ya sauko da ƙura da iska, kuma da sassafe. A nemi fili mai faɗi kamar na ƙwallo, nesa da wayar lantarki da titi da kasuwa. Masu kallo su tsaya aƙalla mita 15 daga roka, a bayan layin da aka ja. Babu mai leƙa roka ta sama bayan an fara ba ta iska. Idan ta ƙi tashi, malami ya saki iskar ta wajen famfo kafin kowa ya matsa. Kada kuma yara su yi tseren cafe ta tana faɗowa.

Ruwan yana ƙarewa cikin ƙiftawar ido, ƙasa da rabin sakan. Sauran tafiyar duk saurin da ta samu ne yake kai ta, har nauyinta da jan iska su tsayar da ita. Roka irin wannan, in an haɗa ta da kyau, takan kai mita 30 zuwa 50.

A nan lissafi yake shigowa. Akwai hanya biyu da ɗan aji shida zai iya auna tsayin da ta kai. Ta farko da agogo ce, ga rokar da ba ta da lema. A ƙirga sakan nawa ta yi daga tashi zuwa faɗuwa, a ninka adadin da kansa, a ninka da biyar, a raba da huɗu. Idan ta yi sakan 6, shida sau shida 36, sau biyar 180, a raba da huɗu a sami 45. Ta kai kimanin mita 45 ke nan, Gobarau uku a kan juna. Ƙiyasi ne, domin bai lissafa jan iska ba, kuma gaya wa yara hakan ma darasi ne. Hanya ta biyu da ma'aunin kusurwa ce, na cikin akwatin lissafi. A manna masa bututun shan lemo, a rataya zare da ɗan dutse a tsakiyarsa. Ɗalibi ya tsaya mita 40 daga wurin harbawa, ya bi roka da ido ta cikin bututun, abokinsa ya karanta kusurwa a lokacin da ta tsaya. Idan digiri 45 ce, tsayin daidai yake da tazarar, wato mita 40, a ƙara tsayin idon mai aunawa. Idan wata kusurwa ce, su zana alwatika a takarda, santimita ɗaya a madadin mita biyar, su auna da rula.

Sai a koma aji a kalli bidiyon a kwamfuta ko a waya. Mu da abokan aikin da muka gwada wannan mun lura cewa a nan aji yake yin tsit. Ƙasa tana gudu ƙasa, ruwa yana watsuwa, sai ga fili duka, ga rufin azuzuwa, ga kan bishiyoyin darbejiya, ga ɗalibai sun koma kamar tururuwa. Yaron da ya shekara yana kwafar taswira bai san me take nufi ba, a ranar yake gane cewa taswira ita ce ƙasa in an dube ta daga sama. Daga hoto ɗaya za su zana taswirar makarantarsu, su nuna inda ruwa yake kwanciya, inda katanga ta zube, inda ya kamata a dasa bishiya. Wannan shi ne aikin da aka harba NigeriaSat-2 domin ya yi wa ƙasa, su kuma sun yi wa makarantarsu. Irin wannan kyamara takan ɗauki hoto 30 a sakan ɗaya, don haka ƙirga hotunan wata hanya ce ta auna lokaci. Malamin Hausa kuma ya sa su rubuta rahoton abin da suka gani, su nemo wa sassan roka sunaye da harshensu.

Hurumin gidajen mutane

Akwai wani al'amari da littattafan ƙasashen waje ba za su tuna mana da shi ba. Gidajenmu a buɗe suke ta sama. Tsakar gida wurin iyali ne, nan mata suke aikinsu a sake, kuma ba a gina zaure da katanga a banza ba. Kyamarar da ta haura mita 40 tana ganin abin da katanga ta ɓoye. Saboda haka a zaɓi filin da ba ya manne da gidaje, idon kyamara ya kalli ƙasa sak. Malami shi ne zai fara kallon bidiyon shi kaɗai, in tsakar gidan wani ta fito a goge wurin nan take. Kada a ɗora fuskokin ɗalibai a Facebook ko WhatsApp ba da yardar iyayensu ba.

Haka nan a sanar da shugaban makaranta da kwamitin iyaye da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa tun kafin ranar, a kuma gayyace su su gani da idonsu. A nisanci filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'adua da barikoki da duk wani wurin tsaro. Hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa tana da dokoki kan na'urori masu tashi da kyamara, kuma neman bayani tun da wuri ya fi ba da haƙuri daga baya. Yaron da ya ga malaminsa ya nemi izini, ya kuma kare sirrin maƙwabta, ya koyi abin da ya fi ƙa'idar Newton daraja.

Abin da muke roƙon reshe

Mun san abin da wasu suke faɗi a zuci. Ajin da yara suka cika maƙil, wasu a ƙasa suke zaune, wasu ba su iya haɗa baƙi ba, ina shi ina roka? Tambaya ce mai nauyi. Amsarmu ita ce wannan aiki yana taimakon karatu da lissafin ne, domin yaron da yake ɗokin sanin tsayin da rokarsa ta kai zai koyi ninkawa ba da bulala ba. Yawan ɗalibai ma yana da amfani a nan: wasu su yanka, wasu su auna ruwa, wasu su riƙe agogo, wasu su karanta kusurwa, wasu su rubuta sakamako. Muna jaddada cewa 'yan mata su sami rabonsu a kowane rukuni, har da bugun famfo da ɗaura kyamara, kada a bar su da ɗebo ruwa kawai.

Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a bar malami ya sayi kayan nan daga albashin da bai kai shi ƙarshen wata ba. Don haka muna gabatar wa reshe buƙatu huɗu. Na ɗaya, a shirya bitar yini guda a hutu mai zuwa, kowace makaranta ta turo malami ɗaya, kowa ya koma da rokar da ya haɗa da hannunsa. Na biyu, reshe ya sayi famfo da kyamara 'yan kaɗan, a ajiye a ofis, makarantu su riƙa ara bi da bi da sa hannu. Na uku, shugabanni su rubuta wa hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma da Hukumar Ilimin Bai-Ɗaya ta Jiha, domin aikin ya sami amincewa a rubuce, malami ya sami kariya. Na huɗu, a nemi haɗin kan sassan kimiyya na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Katsina, da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma, da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, su duba mana ƙa'idojin kariya, su kuma turo ɗalibansu masu koyon aikin koyarwa. In Allah Ya yarda, baɗi war haka sai mu yi gasa tsakanin makarantun reshe. Iyalanmu kuma, ku taya mu tara gorar lemo bayan biki da suna, a wanke a ajiye a inuwa.

Za mu rufe da labarin wata malama. A ƙarshen shekarun 1950, a wani ƙauyen masu haƙar kwal a Amurka mai suna Coalwood, wasu yara suka ga Sputnik yana wucewa, suka shiga ƙera roka. Malamarsu ta kimiyya, Freida Riley, ta ƙarfafa musu guiwa, ta samo musu littafi kan ilimin roka. A 1960 aikinsu ya ci lambar zinariya a gasar kimiyya ta ƙasa, kuma ɗaya daga cikinsu, Homer Hickam, ya zama injiniya a hukumar NASA. Malamar ta rasu tana da ƙuruciya, ba ta ga ƙarshen abin da ta shuka ba, kamar yadda yawancinmu ba za mu gani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanyen iccen ƙasar nan a hannunmu yake kowace safiya.

Allah Ya ƙara wa ƙungiyarmu haɗin kai, Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu, Ya ba jiharmu da ƙasarmu zaman lafiya, Ya yi wa ɗalibanmu albarka.